Amsoshin Tambayoyinku: Rubutun 'yan aji, akwatin ra'ayi da tab ɗin jabu

Assalamu alaikum. Tun da aka koma makaranta wasiƙun malamai da iyayen yaran ƙaramar sakandare suka yi yawa, don haka yau su za mu bi.

Tambaya: Ina koyar da Hausa a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a yankin Gwale. Ɗalibaina 72 a aji biyu. Ina so su riƙa karanta insha'in junansu suna faɗin ra'ayi, amma an ce mini sai da waya da data abin zai yiwu. Abin da zan iya cirewa daga albashina bai wuce naira dubu 15 ba, kuma yawancin yaran ba su da waya. In haƙura? Daga wata malama, Gwale.

Malama, kada ki haƙura, kuma kada ki kashe ko kwabo a data. Abin da kike nema ya girmi waya, mu jaridar bango muka san shi. Ki je wajen kafinta ya yanka miki rabin allon silin, ya yi masa baki da katako, a kafe shi a cikin aji inda hasken taga ke faɗowa. Ki sayi kwali fari, da ƙananan ƙusoshin manna takarda, da farar leda da za ta rufe shi saboda ƙurar hunturu da feshin damina. Kuɗinki zai isa in kin yi ciniki.

Ki riƙa kafe rubutu takwas duk mako. Takwas sau tara 72 ke nan, kin ga kafin zango ya ƙare kowace yarinya ta hau bango sau ɗaya. Wannan lissafin shi ne jigon abin. In kika ce sai mafi kyau za ki kafe, yara biyar ɗin nan da kika sani su za su mallake allon, sauran su sallama. A ƙasan kowane rubutu ki manna farar takarda, duk wadda ta karanta ta rubuta abu ɗaya da ya burge ta, da tambaya ɗaya ga mai rubutun, ta sa sunanta. Sunan dole ne a nan, domin shi ke hana gori da habaici.

Na tuna wata yarinya lokacin ina koyarwa, irin waɗanda ba a jin muryarsu tun daga Litinin har Juma'a. Ta rubuta layi goma sha biyu a kan yadda kakanta ke tsoma ƙyalle a karofin Ƙofar Mata, yana ɗagowa da kore-kore, iska na bugun sa yana komawa shuɗi, da yadda hannunsa ba ya rabuwa da baba ko ranar sallah. Da aka tashi tara sai na gan ta tsaye a bakin ƙofa da ƙullin awara a hannu, ba ta ci ba, tana kallon 'yan ajin sun yi cincirindo a gaban takardarta. Wata ta rubuta mata: "Me ya sa yake fitowa kore tukuna?" Washegari ta zo da shafi biyu, ta je ta tambayo kakan. Ni na yi wata uku ina zuba mata jan biro ban samu shafi biyu ba.

Ki ba su abin da idonsu ya gani: Hawan Daushe, hawa Dutsen Dala, layin masu turare a Kasuwar Kurmi, wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake ci. Sai dai ki kiyaye abu biyu. Kada ki kafe takardar da kika yi wa gyara da jan biro, a bar yarinya ta sake kwafa da kyau. Kuma ki tambaye ta kafin ki kafe, domin wata za ta rubuta sirrin gidansu ba tare da ta san ta yi ba.

Tambaya: Ajin su ɗana sun buɗe zauren WhatsApp na aikin gida. Yana aji ɗaya, shekararsa 12. Wace iPhone ce ta dace in saya masa don kada a raina shi? Daga wani uba, Nasarawa.

Alhaji, babu. Ko su masu WhatsApp ɗin ƙa'idarsu shekara 13 ce mafi ƙaranci. A sa lambarka ko ta mahaifiyarsa, ya karanta aikin a gabanku ya mayar da waya. Ba ka tambaye ni yadda karatunsa zai gyaru ba, raini ka tambaya, kuma wannan ba abin da zan ɓata wa masu karatu fili a kai ba ne.

Tambaya: Makarantar kuɗi da 'yata take ta ce kowane ɗan aji biyu ya biya naira dubu 85 a ba shi kwamfutar hannu, wato tab, wai a ciki za su riƙa rubutu malami yana duba musu. Bara na sayi irinta a kasuwa, a kwalin an rubuta 256GB, ko wata biyu ba ta yi ba ta daina ɗaukar caji. Ina tsoron in sake asara, ina kuma tsoron a bar 'yata a baya. Daga wata uwa, Hotoro.

Hajiya, tsoronki na farko yana kan hanya. Na biyun ki ajiye shi, ba a barin yaro a baya don rashin tab.

Bari in tsaya a nan, domin abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Kasuwa ta cika da tab masu launin alawa da hoton 'yar tsana a kwali, sunan da ba ki taɓa ji ba, an rubuta musu lambobi manya-manya. Abin da ake yi shi ne a taɓa manhajar ciki ta riƙa nuna ma'ajiya mai girma, alhali abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Kin shiga saiti kin ga 256, kin yarda. Sai ranar da aka zuba bidiyo kaɗan ta fara sanƙarewa, ko hotunan da aka ajiye su ƙi buɗuwa. Haka ake yi wa memori, haka ake yi wa filas. Fawa bank kuwa har da wanda ake cusa wa yashi a gurbin batir don ya yi nauyi a hannu. Iyaye su matse bakin aljihu, uwa ta kwashi adashinta, a kai wa wanda ya san sarai abin da yake sayarwa ba zai kai ƙarshen zango ba. Wannan cin amana ne, kuma mai yi ya sani cewa haƙƙi ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Amma mu ma da namu laifin. Mun ɗauka duk abin da ke da gilashi yana haske ilimi ne. Uba zai yi ta jan kuɗin littafin Turanci har rabin zango, amma a ce tab, jiki na rawa zai biya, don a ga ɗansa da ita. Arha kuma ba ta ado. Wanda ya ce zai ba ki babbar ma'ajiya da babban batir a kuɗin da ko ƙaramar waya mai suna ba za ta samu ba, ya riga ya gaya miki jabu ce.

In har za ki saya da kanki, ga yadda nake yi. Kafin ki je wajen mai sayarwa, ki fara zuwa wajen mai gyara. A kasuwar waya ta Farm Centre ko ta Beirut ki samu masu gyaran waya, ki nuna musu samfurin, ki ce: in gilashinta ya fashe akwai shi? Batirinta fa? Bakin caji fa? Su ba su da riba a cinikin, kuma su ake kai wa gawar kayan, sun san wadda ke mutuwa. In suka ce ba a samun kayanta, magana ta ƙare, domin tab a hannun ɗan shekara 13 sai ta faɗi. In mai ɗaukar layi ce, ki danna *#06#, lambar shaidar na'urar, wato IMEI, za ta fito, ki gwada da wadda ke jikin kwali. Ki sa a tura mata manyan bidiyo a nan shagon, a buɗe na farko da na ƙarshe. Ki karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata da lambar na'urar, a rubuta kwanakin garanti da biro. Wanda ya ce "haba Hajiya, ai mu da ke amana ce" ya ƙi rubutawa, ki yi masa sallama. Da rasit a hannu kina da inda za ki kai kuka, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta jiha, akwai ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Ba rasit kuwa, sai dai Allah ya isa.

Game da makarantar, kada ki je ke kaɗai. Ku haɗu ku iyaye a taron ƙungiyar iyaye da malamai ku nemi a kawo tab ɗin guda ɗaya a gani. Wane kamfani ne? Wa ya zaɓo ɗan kwangilar? In ta lalace wa zai gyara? A ina yara 40 za su yi caji, da wace wutar? Abin da aka zuba a ciki ya bi manhajar karatu ta hukumar NERDC, ko tarkacen wasanni ne? Wa zai sa data, bayan kowa ya ji a jikinsa tun da hukumar sadarwa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025? Sannan tambayar da ta fi duka: malamin da ba ya duba littafin rubutu yanzu, me zai sa ya duba na cikin tab? In makarantar ta amsa waɗannan da hujja, ta kuma yarda kowa ya sayo tasa inda ya ga dama, to a duba. In aka ce dole sai a wajensu kuma ba a son tambaya, ki riƙe kuɗinki.

Tambaya: Bana na fara koyar da lissafi bayan na gama NCE. Duk lokacin da na ce "kun gane?" sai su amsa "mun gane", ranar gwaji kuma a faɗi. Ina so in ji ra'ayinsu a kan koyarwata, amma ina tsoron su raina ni. Wani ya ce in buga takardar tambayoyi in yi fotokofi, in sa a ƙera mini akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Daga sabon malami, Kurna.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Malamin da ya damu da wannan a shekararsa ta farko ya kama hanya. Ka kwantar da hankalinka, tambaya ba ta jawo raini. Abin da ke jawo shi zuwa a makare, da shiga aji ba shiri, da alkawarin da ba a cikawa.

"Mun gane" ɗin nan ladabi ne. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya haɗa ido da babba ba zai ɗaga hannu a gaban mutum 60 ya ce Malam bayaninka bai shiga ba. Don haka ka daina yin tambayar da baki. Ba ka bukatar fotokofi, ba ka bukatar maƙeri. Kwalin taliya da aka huda wa baki ya wadatar, tunda a hannunka zai fita daga ajin. Ranar Alhamis, saura minti biyar a tashi, kowa ya yagi rabin takarda, ba suna, ya amsa abu biyu da ka rubuta a allo: wane wuri ne bai gane ba a makon nan, kuma me Malam ya yi da ya taimaka masa ya gane. Kada ka tambaye su ko kai malamin kirki ne. Za su yabe ka, ba abin da za ka ƙaru da shi.

Za ka gane rubutun wasu, wannan ba makawa. Nan jarabawarka take. Ranar da ka kalli wani ka ce "kai ne ka ce ina sauri ko?", daga ranar ba za ka sake samun gaskiya a kwalin nan ba. Abin da za ka yi, ranar Litinin ka tsaya ka ce: mutum goma sun ce ragewar lambobi masu alamar ɗebewa ta rikita su, yau za mu sake ta. Suna ganin maganarsu ta yi aiki, mako na gaba za ka sha mamakin abin da za su rubuta. Wanda ba za ka iya canzawa ba, kamar yawan aikin gida gab da jarabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, ka faɗa musu dalili.

Ka sanar da shugaban makaranta kafin ka fara, kada ya ji a bakin wani. Kada ka bari kwalin ya zama wurin kai ƙarar sauran malamai, ka gaya musu darasinka kaɗai ake magana. Za ka tarar da takarda ɗaya ko biyu ta rashin kunya, ka yage ka wuce. Amma in wata ta nuna ana cutar da yaro, a makaranta ko a hanya ko a gida, wannan ba naka ba ne kai kaɗai, ka kai wa shugaba ko malamin ba da shawara a ranar.

Tambaya: Muna so mu riƙa sa hotunan ɗalibai da rubutunsu a shafin Facebook na makaranta don jawo sababbin iyaye. Wace kyamara za mu saya? Daga mai makaranta, Sharaɗa.

Malam, ka fara da izini kafin kyamara. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce bayanan yaro sai da amincewar iyaye ko mai kula da shi, kuma ka samu a rubuce. Ko an ba ka, kada ka haɗa fuska da cikakken suna da aji a wuri ɗaya, balle na 'yan mata. Hoton rubutun da sunan farko ya isa, wayar da ke aljihunka za ta ɗauka.

Tambaya: Littafin insha'i, mai takarda 40 zan saya wa yara ko mai 80? Daga wata uwa, Fagge.

Mai 60 ko 80, kuma a ware shi don insha'i kaɗai, yaro ya riƙa waiwayar abin da ya rubuta a farkon zango. Ki saya dozin a Sabon Gari ya fi sauƙi. Ki zaro ɗaya daga tsakiyar ƙunshin ki ƙirga takardun a gaban mai shago, ki ɗiga biro a shafi ɗaya ki juya ki ga ko tawada ta huda baya.