Amsa: Me ya sa haidiranjiya ta daina fure bayan an yi mata aski?

Malama, kin ce kin datse haidiranjiyarki, wato shukar nan ta ado mai curin furanni, har kusa da ƙasa a ƙarshen lokacin sanyi, ta yi ganye shar amma ba ta fitar da fure ko ɗaya ba. Ga dukkan alamu, irin da ke wurinki mai faffaɗan ganye ne, wato Hydrangea macrophylla, wanda yake ƙulla idon furen baɗi a jikin rassan bana tun ƙarshen lokacin zafi. Saboda haka da kika sare tsofaffin rassan, da furen kika haɗa kika zubar. Shukar ba ta lalace ba, shekara guda kawai ta yi hasara.

Wannan iri ba ya son aski mai tsanani. A cire busassun furanni ta hanyar yankewa daidai saman idanu biyu masu lafiya na farko da ke ƙarƙashinsu, sannan a sare matattun rassa, da kamar kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka fi tsufa, tun daga gindi, domin iska da haske su shiga. A ganina, barin ta ba aski ya fi yi mata aski ba a kan lokaci ba.

Wasu ire-iren haidiranjiya kuwa, wato paniculata da arborescens, a sabon tsiro suke fure, don haka datse su kafin su fara toho ba ya cutar da su. Furannin kan ragu, amma sukan fi girma. Ki fara tabbatar da irin da kike da shi kafin ki sake ɗaukar almakashi.