Hukuncin riƙe feret da aka tsinta a gidan da ke da kyanwa, zomaye da tsuntsaye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a arewacin Ingila. Yarana sun tarar da wata 'yar dabba a bayan gida, irin wadda ake kira feret, mace ce, a rame, ba ta gudun mutane. Mun sa ta a kwali muna ba ta abinci. A gidan muna da kyanwa, zomaye biyu a lambu, da ƙananan tsuntsaye biyu a keji a falo, ga kuma jinjiri ɗan wata takwas. Yara sun nace mu riƙe ta. Ya halatta? Najasa ce? Idan ta cutar da sauran dabbobin, akwai zunubi a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri a kan ciyar da ita da kika yi, domin Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya faɗa a hadisin Bukhari da Muslim cewa akwai lada a kan taimakon duk wani mai rai. Riƙe wannan dabba halal ne a asali. Amma tukuna ba taki ba ce, kuma dabbobin da suka riga ta zama a gidanki suna da haƙƙi a kanki wanda ya gabaci sha'awar yara.

Feret 'yar ƙaramar dabba ce mai cin nama, doguwar jiki, gajerun ƙafafu, dangin bodari, nauyinta daga ƙasa da kilo 1 zuwa kusan kilo 2. Turawa sun daɗe suna kiwonta don farautar zomo: a cusa ta rami ta koro shi. Ki riƙe wannan bayani, domin kusan dukkan hukuncin a kansa zai ginu.

Tsintuwa ce

Feret dabbar gida ce, kuma wadda ba ta gudun mutum akwai alamar daga hannun wani ta kuɓuce. Don haka hukuncin tsintuwa ya hau kanta. A hadisin Zaidu bin Khalid al-Juhani, Annabi ya yi umarni a yi cigiyar tsintuwa shekara guda. Da aka tambaye shi game da ɓatacciyar tunkiya ya ba da izinin ɗaukarta, ya ce ko dai ta zama taka, ko ta ɗan'uwanka, ko ta kerkeci. Raƙumi kuwa ya ce a bar shi, saboda yana iya ciyar da kansa har mai shi ya same shi. Feret ta fi kusa da tunkiya a nan, domin a titi mota, kare ko yunwa kan halaka ta, saboda haka ɗaukar da kika yi daidai ne. Sai dai Muslim ya ruwaito cewa wanda ya ajiye ɓatacciyar dabba ɓatacce ne matuƙar bai yi cigiyarta ba. Ibn Abi Zaid ya ce a Risala a yi cigiyar a wurin da ake tsammanin samun mai kayan.

A Ingila wannan wurin sananne ne. Ki fara kai ta asibitin dabbobi su duba ko an dasa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lambar da za a bi a gano mai ita. Can ne kuma za su tabbatar miki ko feret ce ko kuwa 'yar'uwarta ta daji mai kama da ita, wadda ba a kiwo. Ki sanar da maƙwabta, da zaurukan unguwa a Facebook, da ƙungiyoyin ceton feret na yankinki. Kada ki bayyana dukkan siffofinta: ki ɓoye jinsinta ko wani tabo, wanda ya zo ya siffanta da kansa, kamar yadda hadisin Zaidu ya koyar game da jakar tsintuwa da igiyarta. Ba a cigiya a cikin masallaci, an hana. Kuɗin da kika kashe a kanta ki rubuta, domin a Mukhtasar na Khalil mai dabbar yana da zaɓi: ya biya abin da aka kashe ya karɓe ta, ko ya bar ta.

Halacci da tsarki

Babu nassin da ya hana kiwon irin wannan dabba. Hadisin raguwar lada ya zo ne a kan kare, ba a faɗaɗa shi zuwa kowace dabba. Ƙanin Anas bin Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi ya sani bai hana ba. Ba ta kuma cikin miyagun dabbobi biyar da aka halatta kashewa. Imam Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa "kare mai cizo" ya haɗa da namun dajin da ke afka wa mutane, irin zaki da damisa, ban da irin su kyanwa da yanyawa.

Game da najasa, a mazhabar Malikiyya duk abu mai rai tsarkakakke ne, da yawunsa da guminsa. Idan ta lashi hannunki ko ta hau tufafinki, sallarki ta yi. Warin jikinta ma ba najasa ba ne, daga maiƙon fatarta yake, kuma yawan yi mata wanka ƙara shi yake yi. Fitsarinta da kashinta ne najasa, domin tana cikin masu fiƙa da ba a cin namansu kai tsaye. Ɗabi'arta ce ta ja da baya zuwa kusurwar ɗaki ta yi bahaya, kuma tana yi sau da yawa a yini, saboda abinci yana ratsa cikinta cikin awa 3 zuwa 4. Don haka ɗakin da ake salla a rufe mata shi, sallaya a naɗe a ɗaga sama. Inda ta ɓata a kwashe, a wanke da ruwa tsarkakakke har launi da wari su gushe.

Haƙƙin waɗanda ta tarar

A nan ne nauyin tambayarki yake. Matar da aka azabtar saboda kyanwa laifinta shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Malamai sun fahimci cewa duk wanda ya tsare dabba ya ɗauki amanar abin da da kanta za ta yi wa kanta. Zomon da ke cikin akurki ba shi da ramin da zai gudu, tsuntsun keji ba zai iya tashi ba. Ke kika hana su hanyar tsira, don haka tsaronsu ya zama wajibi a kanki. Ƙa'ida kuma ita ce ba cuta ba cutarwa, kuma ba a gusar da cuta da wata cutar. Ba a ceton dabba ɗaya da ran huɗu.

Zomaye da tsuntsaye ba sa zama da feret, komai laushin halinta. Farauta halittarta ce, horo ba ya cire ta, ƙoshi ma ba ya hana ta. A wuya take kama su, cikin ƙiftawar ido. Tana hawa labule da kujera, tana tura ƙofar kejin da ba a kulle ba, tana ratsa kafar da ba ta wuce santimita 3 ba, tana kuma tona ƙarƙashin akurki. Ko ba ta taɓa su ba, warinta kaɗai yana firgita zomo har ya daina cin abinci, zomo kuwa idan ya daina ci hanjinsa kan tsaya, wanda hakan yana kashe shi. Saboda haka cewa "za mu riƙa lura" bai wadatar ba a shari'ance. Abin da ya wadatar shi ne rabuwa ta gaske: wuri daban, ƙofa biyu tsakaninsu, ba ta ganinsu ba sa shaƙar warinta, wanda ya taɓa ta kuma ya wanke hannu ya canza riga kafin ya je wurin zomaye. Kusantar da su don a ga yadda za su yi haramun ne. An ruwaito hani a kan zuga dabbobi su yi faɗa, a wajen Abu Dawud da Tirmizi, kuma ko da malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, ma'anarsa tana tsaye a kan ƙa'idar hana azabtarwa.

Kyanwa kuwa batunta da sauƙi. Sau da yawa suna sabawa, amma a hankali. A fara da musanya tsummokaran da suke kwana a kai na 'yan kwanaki, sannan su ga juna ta bayan raga, sannan a haɗa su na 'yan mintuna a gabanki, kyanwar tana da wuri mai tsayi da za ta haye. Feret tana wasa da cizo, fatarta kuma mai kauri ce, ba ta san ta kyanwa ba haka take ba. Ɗan kyanwa ƙarami kada a bar shi da ita ko kaɗan.

Jinjirinki shi ne gaba da duka. An sha samun feret ta yi wa jarirai mummunan cizo a fuska da yatsu. Kada ta shiga ɗakin da yake kwana, kada a bar su tare ko na minti ɗaya.

Zunubi yana bin sakaci ne. Idan kin san halinta kika bar ƙofa, ta kashe zomo, akwai laifi a kanki. Idan na maƙwabci ne, kajinsa ko tantabarunsa, sai ki biya shi. Idan kin yi iyakar kiyayewa abu ya faru, Allah ba ya kallafa wa rai sai abin da zai iya.

Kulawa da ita muddin tana hannunki

Kwali ba ya riƙe ta, ki nemi keji mai sakata. Ki killace ta nesa da kyanwa aƙalla mako biyu. Wadda ta yi yawo a waje takan zo da ƙuma, kaska da ƙwarin kunne, kuma ƙuma da ƙwarin kunne suna komawa jikin kyanwa. Kada ki sayi maganin ƙumar kare ki shafa mata, domin wasu daga cikinsu guba ne mai kisa ga kyanwa, likita ne zai zaɓa. Cutar karnuka da ake kira distempa kusan ba ta barin feret da rai, ki tambayi likita game da rigakafinta. Tana kuma ɗaukar murar mutane, mai mura ya nisance ta.

Abincinta nama ne zalla ko abincin feret na kanti mai yawan furotin da kitse. Kafin ki samu, abincin 'yan kyanwa mai kyau zai yi na ɗan lokaci. Ban da madara, tana sa ta zawo. Ban da burodi, shinkafa, zabibi, cakulan da albasa. Ba sharaɗi ba ne naman ya zama yankan Musulmi, domin dabba ba a ɗora mata shari'a ba, kuma a ƙasar Samudawa Annabi ya umarci sahabbai su bai wa raƙuma ƙullin da aka hana su ci. Duk da haka ki duba takardar abincin ki kauce wa mai alade, tunda na kaza ya wadata. Ba ta dabba mai rai ta kashe a gabanki bai halatta ba, ya shiga hanin tsare dabba a kashe ta da azaba.

Tana barci awa 14 zuwa 18 a yini, amma tana bukatar awanni a wajen keji kullum. Tana haɗiye roba da soso su toshe mata hanji, tana shiga injin wanki da ƙarƙashin kujera mai lanƙwasa. Zafi yana kashe ta tun yana kusantar digiri 30, don haka kada a yi tunanin tafiya da ita gida Najeriya ko Nijar.

Kasancewarta mace yana da hatsari na musamman. Daga wajen watan Maris zuwa Satumba takan shiga neman namiji, alamarsa kumburin gabanta. Idan ba a yi barbara ba ba ta fita daga wannan hali, sinadarin jikinta ya yi ta hauhawa har ya danne ɓargo, jini ya ƙare, ta mutu. Maganinsa allura ce, ko wani ɗan magani da ake dasawa ƙarƙashin fata, ko tiyata. Dukkansu sun halatta. Risala ta halatta dandaƙar tumaki don gyaran nama, to wadda aka yi don ceton rai ta fi cancanta. Likitoci da yawa sun fi son dasa maganin, saboda an danganta tiyatar da wata cutar da ke bayyana daga baya tana zubar mata da gashi. Cire mata jakar wari don jin daɗin masu gida kuwa bai halatta ba, yanka ne ba tare da lalura ba.

Abin da nake ganin ya dace da ke

A Ingila doka ba ta hana riƙe ta ba, amma dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa duk wanda dabba ke hannunsa nauyin kula da ita. Mai karatu da ke wata ƙasa ya bincika tukuna: an haramta kiwonta a Kalifoniya, Hawai da birnin New York. New Zealand ta shigo da su a ƙarni na 19 don rage zomaye, suka koma cinye tsuntsayen ƙasar, yanzu an hana sayar da su. Bin irin wannan doka wajibi ne, don maslaha aka kafa ta.

Gida mai zomaye, tsuntsaye a falo da jinjirin da ke shirin rarrafe, ina ganin bai dace da ita ba, kuma tana iya rayuwa shekara 6 zuwa 10. Idan kina da keɓaɓɓen ɗaki a waje mai kulle, mai inuwa, nesa da akurkin zomaye, da kuɗin likita, da babban mutum da zai tsaya a kanta, ya halatta ki riƙe ta kina cigiya, idan mai ita ya zo ki mayar. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya rasa, riƙe ta bai halatta gare ki ba. Ki miƙa ta ga ƙungiyar ceton feret ko RSPCA, wato ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Ingila, ki faɗa musu rana da wurin da aka tsince ta. Khalil ya halatta mai tsintuwa ya wakilta amintacce ya yi cigiya a madadinsa. Mayar da ita titi ko sakinta a daji bayan kin ɗauke ta ba ya cikin zaɓin da kike da shi.

Allah ne mafi sani.