Amsa ga Hajiya kan filin jirgin Incheon da kasuwannin Seoul

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Hajiya, ranki ya daɗe, na saurari tambayarki cewa za ki je taro Koriya ta Kudu, kina da yini ɗaya da rabi na kanki, kina so ki san kasuwannin gargajiyar da suka cancanci zuwa da kuma yadda ake bi ta filin jirginsu.

Filin da za ki sauka shi ne na Incheon, wanda aka buɗe a shekarar 2001 a kan ƙasar da aka cike a teku tsakanin tsibirai biyu, kimanin kilomita 50 yamma da Seoul, babban birnin ƙasar. Tasha biyu gare shi, ta biyun an buɗe ta a Janairun 2018, amma jiragen da mutanenmu suka fi hawa, irin su Ethiopian da Qatar da Emirates, a ta ɗaya suke sauka. Abin da nake roƙonki da babbar murya shi ne, kada ki sa kilishi ko dambun nama a jakarki, ko da na guzuri ne. Dokarsu ta hana shiga da nama kowane iri, suna da karnuka masu shinshina kaya, kuma tarar wanda bai bayyana abin da ya ɗauko ba tana iya kaiwa miliyan 10 na won, kuɗin ƙasarsu. Da kin fito daga wajen kwastam, ki sayi katin T-money, domin da shi ake biyan kuɗin bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Jirgin ƙasan AREX wanda ba ya tsayawa a hanya yana kai mutum babbar tashar Seoul cikin minti 43.

Game da kasuwanni, shawarata ita ce ki ɗauki biyu ki ba su haƙƙinsu, kada ki yi ta tsalle daga wannan zuwa waccan har yini ya ƙare ba ki ga komai da kyau ba. Ta farko ita ce Namdaemun, wadda asalinta ya kai shekarar 1414, kusa da tsohuwar ƙofar kudu ta ganuwar birnin. Shaguna sun kai dubu goma a cikinta, ana sayar da kayan yara da tabarau da kwanuka da sarƙoƙi da saiwar ginseng da suke magani da ita, kuma mafi yawan kayan kirki suna cikin benaye, saboda haka kada ki tsaya a rumfunan bakin hanya kawai. Layi na 4 na jirgin ƙarƙashin ƙasa za ki hau ki sauka a tashar Hoehyeon, kuma ki guji ranar Lahadi, domin shaguna da yawa ba sa buɗewa.

Ta biyu, wadda ni na fi so, ita ce Gwangjang, da aka kafa a 1905. A saman bene ake sayar da yadi da siliki da kayan gargajiyarsu na biki, wanda na san zai ja hankalinki tunda harkarki ce. A ƙasa kuwa layin abinci ne, inda dattawan mata suke tsaye a tsakiyar rumfa, masu ci suna zaune a kan benci kafaɗa da kafaɗa. Za ki ga dutsen niƙa yana juyawa, ƙullun koren wake yana zuba a cikin roba, ana ɗiba ana soyawa a mai kamar ƙosai, sai dai shi mai faɗi ne ya kai tafin hannu biyu. Sunansa bindaetteok, kuma a nan nake so ki yi hattara, domin sau da yawa ana haɗa shi da naman alade ko a soya su a kasko ɗaya. Haka kuma abin da suke kira sundae hanji ne da aka ɗura wa jini, kuma romon miyarsu ma yakan kasance na alade. Ki sa a rubuta miki da harshensu cewa ba kya cin alade, ki riƙa nuna musu a waya, za su gaya miki gaskiya. Idan kina son cin nama hankali kwance, ki je unguwar Itaewon, inda babban masallacin Seoul yake tun 1976, gidajen abincin halal sun kewaye shi.

Ciniki a wurinsu ba irin na ja-in-ja mai tsawo ba ne. Idan kika sayi da yawa kuma da tsabar kuɗi, za a ɗan rage miki ko a yi miki gyara, amma taya kaya da rabin farashi yana ɓata musu rai. Ki miƙa kuɗi da hannu biyu, musamman ga wanda ya girme ki, za ki ga yadda fuskarsa take sakewa. Abin da ya burge ni shi ne yadda hukuma ta tsaya wa waɗannan 'yan kasuwa, har ta yi doka a 2012 da ta tilasta wa manyan kantuna rufewa kwana biyu a wata domin masu ƙaramin jari su samu ciniki.

A ranar dawowa, ki bar cikin gari saura aƙalla awa huɗu da rabi jirginki ya tashi, domin filin yana da girma kuma wasu ƙofofin sai an hau ɗan ƙaramin jirgin ƙasa kafin a kai gare su. Akwai ɗakunan salla a ciki. Duk abin da kika sayo mai ruwa-ruwa, kamar yajinsu mai kauri ko ruwan ginseng, ki sa shi a babbar jakar da za a auna, domin ba za a bar shi ya wuce a jakar hannu ba idan ya haura mililita 100. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya.