Akwatin Tambayoyi: Live Server ya ƙi girkuwa, VS Code kuma sai ɗaukewa yake yi

Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa duk a kan VS Code ne, wato editan da ake rubuta kod a cikinsa, da ƙananan manhajojin da ake jona masa, waɗanda muke kira ekstenshan. Na zaɓi guda huɗu, na ɗan taƙaita su saboda wuri.

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi a Zariya: "Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Wata biyu kenan da na fara koyon haɗa shafin yanar gizo, HTML da CSS nake yi, malamin da nake bin darasinsa yace mu saka Live Server, to tun jiya nake danna Install abin yana ta juyawa yana ta juyawa can sai ya rubuto min XHR failed. Na kashe na kunna, na goge VS Code ɗin gaba ɗaya na sake sauke shi, data ta ta tafi a banza, wlh har na fara tunanin ko laftof ɗin ce ba za ta iya ba. Tokunbo ce kuma Windows 7 ne a kanta. Don Allah a taimaka."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Abu na farko don Allah ka daina goge VS Code kana sake sauke shi, asarar data ce kawai kake yi. Wannan rubutun XHR failed da ka gani ma'anarsa editan ya yi ƙoƙarin kaiwa kasuwar ekstenshan ta Microsoft, wato Marketplace, hanya ta yanke. Live Server ɗin, wato ekstenshan da ke nuna maka shafinka a burawuza yana sabunta shi duk lokacin da ka adana, bai ma iso laftof ɗinka ba balle ace shi ne ya lalace. Don haka hanya za mu duba.

Fara da agogon kwamfutar. Mutane na raina wannan amma a tsofaffin laftof shi ne na fi cin karo da shi. Akwai wani ɗan ƙaramin batiri kamar kwabo a cikin injin da ke riƙe kwanan wata, in ya mutu duk lokacin da ka kashe ka kunna sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Kwanaki wani yaro ya kawo min tasa yana ta gumi, sati guda yana fama, ina kallon kusurwar allon daga ƙasa sai naga an rubuta 2009. Muka gyara kwanan wata da lokaci, ya danna Install, kafin ya gama shan ruwan leda abin ya girku. Dalili kuwa shi ne haɗin da ake yi da Marketplace ta https ne, yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogonka ya ce 2009 sai kwamfuta ta ɗauka takardar ba ta inganta ba, ta ƙi haɗawa.

In agogo daidai yake, duba ko akwai VPN a kunne a laftof ɗin ko a wayar da kake jan hotsifot daga gare ta, musamman irin manhajojin nan na neman data kyauta, kashe su. Sannan ka shiga Settings na VS Code ka rubuta proxy a wurin bincike, in ka ga an cike wani adireshi a http.proxy kuma ba kai ka sa ba, share shi. Ka kuma gwada layin wani kamfanin daban ko ka bari sai da asuba lokacin da netwok ya fi sakewa.

Ga kuma abin da ya sa gogewar da ka yi ba ta amfana komai ba. In ka cire VS Code, foldar da ekstenshan suke zama ba ta tafiya tare da shi. Tana nan a cikin foldar sunanka a Users, sunanta .vscode, a ciki akwai extensions. In saukewa ta yanke a tsakiya wani lokaci ana barin guntun folda a nan wadda ba ta cika ba. Rufe editan, shiga can, ka nemi wadda sunanta ya fara da ritwickdey.liveserver ka goge ita kaɗai, sannan ka sake gwadawa. Ka riƙe wannan sunan ma, domin akwai ekstenshan da yawa masu kama da juna a suna, na ainihin da malaminka ke nufi shi ne wannan.

In duk ya faskara akwai hanyar da ba ta buƙatar netwok ɗinka. Kowane ekstenshan fayil ne guda mai ƙarewa da .vsix. Abokinka mai netwok mai kyau da sabon VS Code zai iya danna dama a kan ekstenshan ɗin ya zaɓi Download VSIX, ya turo maka ta filashi ko Xender, kai kuma ka danna Ctrl+Shift+P ka rubuta Install from VSIX ka nuna masa fayil ɗin. Amma daga hannun wanda ka sani, kada ka kwaso daga kowane guruf na WhatsApp ko Telegram, don ekstenshan yana iya karanta fayilolinka kuma yana iya gudanar da umarni a injinka.

Maganar Windows 7 kuwa gaskiya zan faɗa maka. VS Code na ƙarshe da ke aiki a kansa shi ne 1.70, na shekarar 2022, kuma masu Windows 8 nasu ya tsaya a 1.79, masu Windows 32-bit kuma a 1.83, duka biyun a 2023. Kowane ekstenshan yana rubuta mafi ƙarancin sigar editan da yake buƙata, shi ya sa in ka matsa gaba za ka fara ganin wasu suna cewa not compatible. Don HTML da CSS na yanzu za ka iya lallaɓawa, amma ka fara shirin canza Windows ɗin, ko ka sa Linux Mint mai Xfce a madadin Windows, wanda ba shi da nauyi kuma kyauta ne.

Tambaya ta biyu daga wata 'yar'uwa a Kaduna: "Malam barka da aiki. Nawa Live Server ɗin ya girku lafiya lau amma wani lokaci bana ganin Go Live ɗin a ƙasa sam, in kuma ya buɗe sai shafin ya riƙa sabunta kansa ina cikin cike fom komai ya goge, kuma da na gwada fayil ɗin PHP sai burawuza ta sauke shi maimakon ta nuna. Ko nawa ne jabu?"

Barka kadai 'yar'uwa, naki ba jabu ba ne, abubuwa uku ne daban-daban kika haɗa. Na Go Live, wato maɓallin da ke kunna Live Server, yawanci mutum ya danna index.html sau biyu ne ya buɗe fayil guda. Ki riƙa shiga File ki zaɓi Open Folder ki buɗe foldar aikin gaba ɗaya. Ki kuma lura da saman allo ko ƙasa ta hagu ko an rubuta Restricted Mode, wannan tsari ne da aka kawo a 2021, in ba ki amince da folda ba editan yana kashe wasu ekstenshan ko ya rage musu aiki. In aikinki ne da kanki ki danna Trust. Wani lokaci kuma layin ƙasan ne aka ɓoye, to sai ki danna dama a kan fayil ɗin HTML ki zaɓi Open with Live Server, duk ɗaya ne.

Na sabunta kai kuwa shi ne ya fi ban haushi, na san zafinsa. Yadda Live Server yake aiki, yana tada 'yar ƙaramar saba a cikin kwamfutarki a adireshin 127.0.0.1:5500, ya cusa wani ɗan kod a ƙarshen shafin, ya zauna yana gadin foldar, duk fayil ɗin da ya motsa sai ya ce wa burawuza ta sake lodi. To shi bai san wanda ya motsa fayil ɗin ba. In kin kunna Auto Save a kan afterDelay, bayan daƙiƙa ɗaya da kin taɓa harafi yake adanawa, shafi ya sake lodi. Ki mayar da shi onFocusChange ko ki kashe ki koma Ctrl+S. In kuma fom ɗin naki yana rubuta bayanai cikin wani fayil a foldar, irin db.json na masu koyo da json-server, to da kin danna Submit fayil ya canza, Live Server ya gani, ya sake lodi, abin da kika cike ya tafi. Maganinsa ki fitar da fayil ɗin daga foldar, ko ki shiga Settings ki sa sunansa a liveServer.settings.ignoreFiles. Sannan ki duba JavaScript ɗinki, in ba ki sa preventDefault a kan fom ba burawuza da kanta ce ke sake lodi, ekstenshan ba ruwansa.

Akasin haka ma yana faruwa, a gyara kod shafi ya ƙi canzawa, galibi an manta head ko body ne a HTML, babu inda zai cusa ɗan kod ɗin nasa. In kuma wata manhaja ta riga ta kama lamba 5500, a liveServer.settings.port ki sa 0, zai zaɓi wadda take sarari da kansa.

PHP kam ba aikinsa ba ne. Shi miƙa fayil kawai yake yi yadda yake, ba ya gudanar da shi. Ki girka XAMPP, manhajar da ke gudanar da PHP a kwamfutarki, ko in kina da PHP a injin ki buɗe Terminal ki rubuta php -S localhost:8000.

Tambaya ta uku daga wani mai karatu a Maraɗi: "Salam Malam. Ni matsalata ina cikin aiki sai ya rubuto Extension host terminated unexpectedly, launin kod ya tsaya, fanka ta hau ihu, laftof ta yi zafi kamar dutsen guga. RAM ɗina 4GB ne. Ekstenshan da na saka sun kai talatin da wani abu, duk na bidiyon YouTube da aka ce dole mai haɗa shafi ya mallaka."

Ɗan'uwa ka riga ka faɗi cutar da bakinka. VS Code an gina shi ne a kan Electron, wato kusan burawuzar Chrome ce sukutum a cikinsa, ga kuma Chrome ɗin gaske a buɗe kana duba shafinka, ga Windows yana cin nasa kason, duk a cikin 4GB. Ekstenshan ɗin kuma yawancinsu a ɗaki ɗaya suke zaune, shi ne wannan extension host ɗin, an ware shi ne don in sun rikice kada su tafi da rubutunka, shi ya sa editan bai rufe ba. Amma in guda ɗaya a cikinsu ya cinye ƙwaƙwalwa ko ya faɗi, ɗakin ne gaba ɗaya yake rushewa da kowa a ciki.

Kada ka yi ta canki-canka. Danna Ctrl+Shift+P ka rubuta Start Extension Bisect. Zai kashe rabin ekstenshan ɗinka ya sake buɗe editan ya tambaye ka ko matsalar tana nan, ka ba shi amsa, ya sake raba wa biyu, haka haka har ya kama mai laifin. Guda 32 zagaye biyar ko shida ne kawai. Ina son wannan kayan aikin ƙwarai kuma abin yana damuna yadda masu koyarwa ba sa nuna shi, tun ƙarshen 2020 yake cikin editan. Kafin ka fara ma kana iya buɗe Command Prompt ka rubuta code --disable-extensions, in komai ya lafa ka tabbata daga cikinsu ne. Show Running Extensions kuma zai nuna maka waɗanda ke aiki da tsawon lokacin da kowanne ya ci kafin ya tashi.

In ka kama shi kuma ya zama wanda ba ka iya rabuwa da shi, ka tuna ko jiya ko shekaranjiya lafiya yake aiki. In haka ne sabuntawa ce ta shigo da kanta ta kawo ɓaraka. Danna 'yar kibiyar da ke gefen Uninstall, akwai zaɓin girka wata siga ta baya, koma wadda ta gabata, ka kashe masa Auto Update har a fitar da gyara. Wannan ma zai rage maka zubar data.

Sauran kuma ka yi musu shara. Bracket Pair Colorizer da tsofaffin bidiyo ke ta yabo, tun siga 1.60 a 2021 aka gina aikinsa na sa wa baka launi cikin editan, Emmet mai taƙaita rubutun HTML ma a ciki yake tun farko, canza sunan tag na buɗewa da na rufewa lokaci ɗaya kuma kunna editor.linkedEditing kawai za ka yi. Ni a ganina mai koyo da 4GB, Live Server da Prettier mai daidaita tsarin kod sun ishe shi, in ya shiga JavaScript sosai ya ƙara ESLint mai nuna kurakurai. Kada kuma ka buɗe Desktop ko Documents gaba ɗaya a matsayin folda, editan zai yi ta ƙirga dubban fayilolin da ba ruwansa da su, fanka kuma ta yi ta ihu.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga Kano: "Malam na saka Prettier amma in na adana baya gyara komai, wani lokaci kuma ya gyara wani abu ya sake hargitsa shi."

Girkawa kaɗai ba ta isa ba ƙanena. A Settings ka kunna Format On Save, sannan a Default Formatter ka zaɓi Prettier. Hargitsawar kuma masu gyara biyu ne ke ja-in-ja a kan fayil ɗaya, galibi tsohon Beautify ne wanda an daina kula da shi, cire shi. In har yanzu shiru, buɗe View ka shiga Output ka zaɓi Prettier a jerin da ke dama, zai rubuta maka layin da ya tsaya a kai, sau da yawa wani div ne ko baka da ka buɗe ba ka rufe ba, shi kuma ba ya taɓa kod ɗin da bai iya karantawa ba.