Yadda talaka zai auna aikin ƙaramar hukumarsa

Malam, ka tambayi yadda talaka zai gane ko ƙaramar hukumarsa tana aiki, ko kuwa albashi kawai ake rabawa. A ganina, a fara da kuɗin da ke shigowa. Kowane wata ana wallafa kason da kwamitin rabon kuɗin asusun tarayya, wato FAAC, ya ware wa ƙananan hukumomi, har da guda 20 na Jihar Bauchi, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye.

Daga nan sai a gwada kuɗin da abin da ido ke gani, domin tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kasuwanni, tashoshin mota da kwashe shara, tare da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Ka leƙa asibitin unguwarku da safe, ka duba ko ma'aikaci yana nan, ko firjin allurar rigakafi yana aiki, ka kuma taɓa famfon burtsatsen da aka ƙaddamar bara.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ma neman kasafin kuɗi a hannun kansilolinmu. Ku haɗu a ƙungiyance ku rubuta takarda, tunda Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.