Gaban a-kori-kura da gangan yake lotsewa

Ka ce tsohuwar Fijo a-kori-kura ko ta yi karo ba ta lotsewa kamar na yanzu, wai ƙarfen zamani ba ƙwari. Ajiye gudumar nan, yaro, ka saurara.

Da gangan ake ƙera gaban ya lotse. Ƙarfin karo dole ya sami inda zai sauka. In ƙarfe bai shanye shi ba, ƙirjin direba ne zai sha. Wurin da ba a yarda ya motsa ba shi ne inda mutane suke zaune.

Kuma sai an gwada. A Amurka akwai cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora suke ɗaukar nauyinta. Sabuwar mota fil za su kawo, su zaunar da mutum-mutumi mai na'urorin awo a kai da ƙirji da ƙafafu, su sake ta da gudun kilomita 64 a awa ta daki shinge da kashi 40 cikin 100 na faɗin gabanta. A 2012 suka ƙaro wanda ya fi tsanani, kashi 25 kawai, gefen fitila, kamar mota ta gogi falwaya. Wannan shi ya fi ba ni tsoro, domin dukan yana kauce wa ƙarafan shasi, ya turo taya cikin wurin ƙafar direba. In aka kawo maka irin wannan, duba ginshiƙin ƙofa da ƙasan totur kafin ka kalli bamba.

A 2022 suka fara sa ƙaramin mutum-mutumi a kujerar baya, girman ɗan shekara 12. Cikin ƙananan motocin ɗaukar kaya biyar da suka gwada haka a 2023, babu wadda ta sami mafi kyawun sakamako. Nissan Frontier ce ta ɗan taɓuka, Toyota Tacoma kuwa tana cikin na ƙarshe. Mu kuma a nan har a bodi ake loda yara!

Kada suna ya ruɗe ka. A 2018 ƙungiyar Global NCAP, mai gwajin karon motoci, ta gwada Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa a Afirka ta Kudu a lokacin, motar ba ta sami tauraron yabo ko ɗaya ba wajen kare manya. Jakar iska biyu gare ta, amma wurin zama ne ya rufta, sitiyari ya taso wa direba.

Shi ya sa nake hana ka gasa shasi da wutar gas har ya yi ja. Zai miƙe a ido, amma ƙarfen ya mutu, karo na gaba ba zai riƙe ba. Haka in mai mota ya ce ka yi masa waldar ƙaton ƙarfe a gaba don ƙarin ƙwari, turo min shi. Jakar iskar da ta fashe sabuwa ake sawa, ba a like murfin a shafa fenti. Bel ɗin da ya riƙe mutum a karo shi ma cire shi za ka yi, ko da bai nuna tsagewa ba.