Gajerun kiɗe-kiɗen Bach: malamina ja mini rai yake yi?

Tambaya: Malam, ina buga fiyano a cocinmu, da kunne na koya. Yanzu na samu malami, sai ya ɗora ni kan wasu gajerun kiɗe-kiɗen share fage na Bach, wasu ko shafi guda ba su cika ba. Anya ba ja mini rai yake yi ba? Daga wani matashi a Jos.

Amsa: Ɗana, ka riƙe malamin nan hannu bibbiyu. Abin da ya ba ka, shi Bach ya ba ɗansa na cikinsa. A 1720, a garin Köthen na ƙasar Jamus, mashahurin mai tsara kiɗa Johann Sebastian Bach ya buɗe wa babban ɗansa Wilhelm Friedemann littafin koyo, yaron yana da shekara 9. Da yawa daga cikin gajerun nan daga wannan littafi suka fito. Forkel, wanda ya rubuta tarihin Bach a 1802, ya ce Bach yakan sa ɗalibi motsa yatsu na watanni, in ya ga haƙuri ya fara ƙarewa sai ya rubuta masa ɗan guntun kiɗa mai daɗi, horon yana ɓoye a ciki.

Na san inda takalmin yake matsa maka. Mai koyo da kunne, a coci ne ko a sutudiyo, hannun damansa ke raira waƙa, na hagu kuwa sai danna sauti uku a tare, ko ya bar wa na'ura ta yi masa rakiya. Bach ba ya yarda da haka. A wurinsa hagu ma yana da abin faɗa: dama ta kawo jimla, hagu ya amsa, kamar mawaƙi da 'yan amshi, wani lokaci kuma su yi musayar matsayi. Kayan kiɗan zamaninsa ba su da abin takawa mai jan sauti irin na fiyano, saboda haka yatsa ne ke haɗa sauti da sauti. Duk yatsan da ya yi lalaci, kunne zai kama shi nan take. Wannan ne ya sa nake ƙaunar gajerun kiɗe-kiɗen nan.

Gajartarsu kuma rahama ce. Shafi guda za ka iya ƙwarewa a kansa har ka haddace, ka kuma gane dalilin da sauti ya tashi daga gida ya koma.

Ka riƙa buga kowane hannu shi kaɗai, a hankali sosai. Sannan ka buga dama kana rera layin hagu da bakinka. Ka ɗage ƙafa daga abin takawa, ka kashe rakiyar na'ura. In shida daga cikin gajerun nan, masu lamba BWV 933 zuwa 938 a jerin ayyukan Bach, suka zauna a hannunka, ka roƙi malaminka ya fara maka kiɗe-kiɗe masu murya biyu, wato kowane hannu da layinsa, da Bach ya kammala a 1723.